Yadda Za a Mayar da Tsohon Gini Wurin Koya wa Mata Sana'a a Bauchi

Ginin ƙasa ba ya jure zama kufai, domin da zarar an rufe shi babu mai shara, babu mai duba indararo, 'yan damina kaɗan sun isa su kwantar da katangar da ta haura shekara 100 a tsaye. Saboda haka shigar mata masu koyon sana'a cikinsa ceto ne ga ginin kansa.

A fara da sanin mai gidan. Idan na gado ne, a tara magada gaba ɗaya a gaban mai unguwa, a rubuta yarjejeniyar aro ko haya mai ƙayyadaddun shekaru, saboda alkawarin baki yakan warware ranar da gida ya yi kyau. Idan kuwa yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnati ke karewa, irin Gidan Madaki na Kafin Madaki wanda aka ayyana a matsayin ginin tarihi tun 1956, ba a taɓa ko tubali ɗaya sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Gyara aikin rani ne, kuma daga sama ake farawa. A nemi magina na gargajiya su duba azara ɗaya bayan ɗaya, su sauya wadda gara ta ci, su buɗe hanyoyin ruwa, sannan su yi yaɓe da makuba, wato haɗin da ake yi da ɓawon ɗorawa. Ina roƙon kada a shafe bangon ƙasa da siminti komai kyan da zai yi a ido, domin yakan kulle danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓare ya tafi da naman bango.

Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya dace da wannan aiki. Zaure ya zama wurin baje kolin kaya, inda masu saye za su tsaya ba tare da sun shiga ciki ba. Ɗakuna masu haske a bar wa ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma, amma rini da haɗa sabulu da matsar man gyaɗa a fitar da su tsakar gida ƙarƙashin rumfa, nesa da bango, saboda ruwa da wuta. A ware ɗaki guda na yara.

Lokacin darasi kuma matan ne za su tsaida shi, tunda mai tuyar ƙosai ba ta da safiya, malamar makaranta kuwa sai bayan La'asar. Su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su sayi zare da kaba a sari ta hanyar adashi, kuma daga kowane ciniki a cire wani kaso a ajiye domin yaɓen shekara, wanda ya kamata a kammala kafin ruwa ya sauka a watan Mayu.