Yadda Za Ka Bi Sawun Tsohon Darakta Har Ka Koyi Aikinsa

Ina da ɗan shagon tace bidiyo a Tudun Wada, kuma duk Asabar bayan la'asar wasu samari masu sha'awar harkar fim kan zo mu zauna. Ran nan ɗaya daga cikinsu ya ce min, "Oga, ni fa darakta nake son zama, wa zan riƙa kallo?" Na ce masa ya daina tsalle daga wannan fim zuwa wancan. Ya kama mutum ɗaya, ya bi shi tun daga farkon aikinsa har kabari. Wanda na ba shi, kuma shi zan ba ka, wani mutumin ƙasar Hungari ne, Mihály Kertész. Ga yadda muke yi.

Fara da suna, don nan ne mutane ke ɓata hanya. An haife shi a Budapest a 1886, cikin gidan Yahudawa, da sunan Manó Kaminer. Yana saurayi ya sauya zuwa Mihály Kertész, wanda a gida ake rubutawa Kertész Mihály, domin su Hungariyawa sunan gida suke sawa a gaba. Da ya isa Amurka sai ya koma Michael Curtiz. Idan na ƙarshen kaɗai ka rubuta a intanet, Holiwud za ta cika maka ido, shekarunsa na gida su ɓace. Rubuta duka ukun a shafin farko na littafinka, ka nemi kowanne daban. Haka ma garuruwa. Kolozsvár, inda ya yi aiki a ƙarƙashin wani mai gidan wasan kwaikwayo, Jenő Janovics, ba za ka same shi a taswirar Hungari ta yau ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya garin ya koma hannun Romaniya, yanzu Cluj-Napoca ake kiransa.

Daga nan sai ka ja layi a tsakiyar takarda. Hagu abin da ya yi, dama abin da ke faruwa a ƙasarsa a wannan shekarar. Kada ka raina wannan aikin, shi ne ƙashin bayan komai. A hagu za ka rubuta cewa ɗan wasan dandamali ne kafin ya taɓa kyamara, kuma a 1912 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, wanda ake lissafawa cikin dogayen finafinan farko na ƙasar. A 1913 ya tattara ya tafi Denmak, kamfanin Nordisk, wanda a lokacin yana cikin manyan kamfanonin fim na Turai. Ka tsaya a nan ka yi tunani. Mutum ya riga ya zama darakta a garinsu, amma ya yarda ya je ƙasar wasu ya zama ɗan koyo. Wannan wurin nake yawan maimaita wa yarana, domin na ga da yawa da fim ɗaya ke sa su daina tambaya.

A dama kuwa za ka rubuta 1914, yaƙi. An ɗauke shi soja a rundunar Ostiriya da Hungari, ya ji rauni, ya dawo bakin kyamara. Sai 1919, lokacin da gwamnatin 'yan gurguzu ta karɓi mulki na 'yan watanni, ta mai da masana'antar fim mallakar hukuma. A shekarar ya bar ƙasar zuwa Viyana, babban birnin Ostiriya. Ba shi kaɗai ba: Sándor Korda, wanda shi ma ya yi aiki da Janovics, ya fita a shekarar, daga baya ya kafa babban kamfani a Landan da sunan Alexander Korda. Idan ka ajiye layukan biyu kusa da juna, ba sai wani ya yi maka bayanin dalilin hijirarsa ba.

Yanzu kallo, kuma nan ne zan daɗe.

Ka shirya wa takaici tun da wuri. Ya yi finafinai fiye da talatin a Hungari, amma 'yan kaɗan ne suka tsira. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kama wuta, kuma idan ya daɗe a ajiye yakan narke ya zama gari. Ga yaƙe-yaƙe biyu sun bi ta kan ƙasar. Wanda za ka nema shi ne A tolonc, da ya ɗauka a Kolozsvár a 1914. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka tsinci kwafinsa a wani gidan ƙungiyar Hungariyawa a birnin Niyu Yok, aka mai da shi gida aka gyara, aka sake haska shi a 2014. Labarin wata yarinya ce da ta gano cewa wanda ya rene ta ba mahaifinta ba ne, ta shiga aikatau, aka yi mata ƙazafin sata. Wallahi da na ba yaran labarin kafin mu kunna, ɗaya cewa ya yi ai wannan fim ɗin Kano ne.

Fim ne na bebe, babu magana sai ɗan rubutu jefi-jefi. Kalle shi sau uku. Karo na farko ka bar shi ya tafi yadda yake, don ka san labarin. Karo na biyu ka kashe sautin kiɗan gaba ɗaya, ka sa takarda ka rufe rubutun idan ya fito, ka ga ko za ka gane wa ke fushi, wa ke ɓoye magana, wa ke jin kunya, daga tsayuwa da kallo kawai. Karo na uku ka zaɓi fitowa ɗaya, ka riƙa tsayar da hoton, kana rubuta abu uku: ina kyamara take, daga ina haske ya shigo, wa aka sa a gaba wa aka tura baya. Fitowar minti biyu tana iya cin rabin awa. Sauke fim ɗin a waya ko kwamfuta tun da dare lokacin da data ke da sauƙi, ka cika caji, don kada ɗaukewar wuta ta yanke maka tunani a tsakiya.

Dalilin da ya sa na nace kan wannan shi ne ciwon da nake gani kullum a kan teburina. Ana kawo min aiki, mutum biyu zaune a kujerar falo, minti bakwai suna faɗa wa juna abin da mai kallo ya riga ya sani. Kertész ya yi shekara goma sha huɗu yana ba da labari ba tare da murya ba kafin ya taka Amurka. Idonsa ya horu ne a lokacin da babu kalmar da zai jingina da ita.

Shekarun Viyana ka wuce su da ɗan sauri. Abin lura ɗaya ne: a kamfanin Sascha ya koyi sarrafa taro, dubban mutane a fili ɗaya, cikin manyan finafinan tarihin zamanin annabawa. Wannan ne ya ja hankalin kamfanin fim na Amurka, Warner Bros., suka ɗauke shi a 1926.

A Amurka ya yi fim fiye da ɗari, ba za ka iya kallon duka ba, kuma ba ka buƙata. Ɗauki Casablanca na 1942, wanda ya ba shi kyautar Oscar ta gwarzon darakta, ka yi masa irin kallon nan na uku. Nemi inuwa a jikin bango. Akwai wurin da jarumin ke buɗe akwatin kuɗi, ba a nuna shi ba, inuwarsa kaɗai ake gani. Ka kuma lura da yadda kyamara ke tafiya a hankali zuwa fuskar mutum daidai lokacin da magana ta taɓa shi. Turancinsa bai taɓa miƙewa ba har ya mutu a 1962, amma hotonsa kowa na ji.

Kada ka tsallake abin da ba shi da daɗi. An san shi da tsanani ga ma'aikata, yana aiki ba hutu, yana ganin cin abincin rana ɓata lokaci ne. A 1928, wajen ɗaukar fitowar ruwan ɗufana a fim ɗinsa na jirgin Annabi Nuhu, an sako ruwa mai yawan gaske a kan mutanen da aka tara, da dama suka ji munanan raunuka. Ka rubuta wannan a littafinka da jan biro. Ina gaya wa yarana cewa ran da suka riƙe lokeshan, rayuwar yaron da ke riƙe fitila amana ce a wuyansu, babu fitowar da ta kai jininsa.

Mataki na ƙarshe da hannunka za ka yi shi. Ɗauki wayarka, ka samu abokai biyu, ka shirya labarin minti uku wanda babu kalma ko ɗaya a ciki. Misali ƙane ya dawo gida ya tarar yayansa ya sayar da kekensa. Yi shi da sassafe ko gab da magariba, lokacin da rana ke shigowa ta gefe, ka nemi ɗaki mai taga ɗaya ko zaure, ka bar bango ɗaya fili don inuwa. Kada ka wuce yanka goma sha biyu, wato sauya hoto sau goma sha biyu. Idan ka gama, nuna wa wanda bai san labarin ba, gwaggonka ko mai shayin bakin layi, ka ce ya faɗa maka abin da ya faru. Inda ya rikice, nan za ka sake ɗauka.

Yaron da ya yi min tambayar nan sau huɗu ya sake nasa. A na huɗun ya ajiye kyamara a ƙasa daf da ƙofar zaure, inda sawun tayar keke ya rage a kan rairayi, ya bar ƙanen ya tsaya yana kallon wurin. Mai shayinmu ya kalla sau ɗaya ya ce, "Kai, an sayar masa da keke."