Kafin ka kawo karen gadi gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon kaji a wata gona da ke bayan garin Zariya, kuma duk tsawon lokacin nan ban taɓa rabuwa da kare ba, don gonar da babu kare ta ɓarayi ce da muzuru. Shi ya sa duk wanda ya gama gini a sabuwar unguwa sai ya kira ni: “Malam, wane iri ne ya fi zafi? Shi nake so.” Wani kuma tsoro ne ke kawo shi, ya ji an ce Rottweiler kan juya wa ubangidansa. Amsa ɗaya nake ba su duka, kuma sai da jini ya zuba a gonata sau biyu kafin na gane ta.

Na farko karyar gida ce, ja, ba ta fi kilo goma sha biyar ba. Ɗan ƙanena ya kai hannu cikin kwanon da take cin ƙanzo, ta cafke shi a yatsa. Huda biyu, muka wanke, muka kai shi asibiti. Na biyu Rottweiler ne da na saya yana da wata takwas a hannun wani mai sayar da karnuka, wanda ya yi ta rantsuwa cewa “Alhaji, wannan ko ƙuda ba ya bari ya wuce.” Ashe tun haihuwarsa a keji yake, bai san kowa ba sai mai zuba masa abinci. Wata safiya ɗan garuwa ya turo ƙofa da kurarsa kafin a kulle kare. Na ji ihu, na fito da gudu, na tarar da bawan Allah a ƙasa, jarkoki sun tarwatse, wandonsa ya yage daga cinya har gwiwa, jini na bin ruwa. Wata guda bai iya tura kura ba, ga shi da iyali. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Duk biyun cizo suka yi. Bambancin yana wajen girman ɓarna. To abin da zan gaya maka ke nan: irin kare ba shi ke nuna ko zai ciji mutum ba, amma shi ke nuna yadda raunin zai kasance in ya ciza. A 2022 masu bincike a Amurka sun wallafa wani nazari a mujallar Science kan karnuka sama da 18,000, suka gano cewa iri bai ɗauki fiye da kashi 9 cikin 100 na bambancin halin wannan kare da wancan ba. Hukumomi ma ba su tsaya a magana ɗaya ba. Birtaniya ta yi doka a 1991 ta hana riƙe iri huɗu, ciki har da pit bull da Tosa na Japan, kuma a ƙarshen 2023 aka ƙara XL Bully a Ingila da Wales. Ƙasar Holan kuwa ta hana pit bull a 1993, sannan ta janye dokar a 2008 saboda cizon bai ragu ba. Amma kada wannan ya sa ka ce duk ɗaya ne. Boerboel na Afirka ta Kudu kan haura kilo 60, an kuma raine shi ne tun asali don tsaron gona. Idan ya fizgi sarƙa, ƙato ma sai ya yi da gaske.

Don haka wajen zaɓe, fara da duba gidanka kafin ka duba kare. Wa zai riƙa kula da shi ranar da ka yi tafiya? Idan mai gadi dattijo ne ko yaro ɗan shekara goma sha biyar, kada ka kawo karen da ba za su iya tsayar da shi da hannu ɗaya ba. Gida mai ƙananan yara, mai almajirai masu shigowa karɓar abinci da maƙwabta masu ɗiban ruwa, ba wurin Boerboel ba ne. Akwai kuma Caucasian mai gashi buzu-buzu da ake yayi yanzu. Asalinsa na duwatsun Kaukasus ne masu ƙanƙara. A zafin Maris da Afrilu namu, sai ka gan shi kwance harshe waje yana haki, kuma karen da ke cikin wahala ransa a kusa yake. Ni dai ban ga dalilin azabtar da dabba haka ba. Aikin da yawancinmu ke nema a wurin kare haushi ne, ya tashe ka, ya sa ɓarawo ya canza shawara. Karen gida da ya samu kulawa yana yin wannan sarai, ga juriyar zafi, ga sauƙin ciyarwa.

In ka yanke shawara, sayi kwikwiyo, kada ka sayi babba wanda ba ka san tarihinsa ba. Kuskurena ke nan. Ka je da ƙafarka inda aka haife shi, ka ce a nuna maka uwar. Karya mai 'ya'ya za ta yi haushi, wannan daidai ne, amma idan tana rawar jiki tana ɓuya a lungu, ko kuma mai ita kansa yana shakkar matsawa kusa da ita, juya ka tafi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas, domin a cikin wasa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne, wanda kuma mutanenmu ke yin akasinsa. Tsakanin sati uku zuwa wajen wata uku na rayuwarsa kare ke rarrabe abin da yake na yau da kullum da abin tsoro. A nan ne icce yake ɗanye. Bar shi ya ga mutane iri-iri: mai babbar riga, mace da hijabi, yaro mai kwano, mai tura kura, mai babur, tsoho mai sanda. Ya ji ƙarar janareto, ya saba da awaki da kaji. Ka riƙa taɓa kunnensa da ƙafafunsa da bakinsa a hankali, don wata rana za ka cire masa kaska ko likita ya yi masa allura. Lokacin da yake cin abinci, wuce ta kusa ka jefa masa ɗan nama a kwano, ya san cewa hannun mutum ƙari yake kawowa.

Ana cewa wai idan kare ya saba da mutane ba zai yi gadi ba, shi ya sa ake kulle shi a ɗaki mai duhu, a zuba masa barkono a abinci, a riƙa dukansa, wai don ya yi zafi. Wannan zalunci ne, kuma ba ya ba ka mai gadi. Abin da yake ba ka shi ne dabba mai firgita wadda ba ta san bambancin ɓarawo da ɗanka ba. Haka ɗaure kare da gajeriyar sarƙa wuni guda cikin rana. Wanda ba shi da wurin gudu, haƙori kaɗai ya rage masa. Yi masa ɗaki mai inuwa da iska, da ruwan sha kullum, ka sake shi ya zaga safe da yamma. Karnukan da nake da su yanzu suna wasa da yaran gona da rana, amma da dare ko bushiya ce ta motsa sai na ji.

Maganar ƙofa ba ta wasa ba ce. Ka sa doka ɗaya a gida wadda kowa ya haddace: ba a buɗe ƙofar waje sai an tabbatar kare yana ɗakinsa, an sa sakata. Ka rubuta sanarwa a ƙofa, da boko da ajami in da hali. In za ka fita da babban kare cikin unguwa, da igiya da takunkumi.

Yara kuma a koya musu abu kaɗan amma su zauna daram. Ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Ba a jifansa, ba a hawa bayansa. Idan baƙon kare ya nufo ka, kada ka ruga, don gudu ne ke tayar masa da halin farauta. Tsaya cik, hannu a jiki, kawar da ido daga nasa, sannan ka ja da baya a hankali. Wanda ya faɗi ya dunƙule, ya rufe wuya da fuska da hannuwansa. Ƙaramin yaro dai ba a barinsa shi kaɗai da kare, ko wane iri ne, ko shekara nawa ya yi a gidan.

Kai ma koyi karanta jikinsa. Kafin cizo yakan sandare, gashin baya ya miƙe, ya kawar da kai yana hararar gefe har ka ga farin idonsa, ya yi gurnani. Kada ka doke shi saboda gurnani. Gargaɗi yake yi maka, in ka hana shi, gobe sai ya ciza ba sallama. Kaɗa jela ma ba kullum ne murna ba: idan ta miƙe sama ta ƙage tana ɗan rawa, ja da baya. Karen da ya sauya hali dare ɗaya, kai shi wurin likitan dabbobi, sau da yawa ciwo ne ke damunsa.

Haɗarin da ya fi kashe mutane a ƙasashenmu kuwa babu ruwansa da iri. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba ya fi Rottweiler mai allura haɗari ta wannan fuska. Yi wa karenka allurar yana da wata uku, ka maimaita duk shekara, ka adana katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana haɗa wannan allura, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi.

Idan ƙaddara ta faɗa aka ciji wani, ko yaƙushi ne da ya fasa fata, wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15. Duba agogo, don minti 15 ya fi yadda kake zato tsawo. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen. A wuce asibiti a ranar, a fara allurar haukan kare, a kuma tambayi ta tetanus. Kada a jira a ga alama, domin da zarar ta bayyana, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Karen kuma in an san shi kuma da alamar lafiya, kada a yi gaggawar kashe shi. A kulle shi kwana goma a ƙarƙashin idon likitan dabbobi, shi kuma wanda aka ciza ya ci gaba da karɓar allurarsa har likita ya ce a tsaya.