Gwanjon shiru a Kanada: na biya dala 280, ko rasit na sisi ban samu ba

Shekarata ta farko a Kalgari, wata maƙwabciyata 'yar Sudan ta ja ni walimar tara kuɗi da masallacin unguwarmu ya shirya gab da azumi. An jera tebura a jikin bango, an baza kaya a kai: darduma, kwandon turaruka, tikitin kallon wasan hoki, da wani jan keken yara. Gaban kowane kaya akwai takarda da biro. Babu mai shela, babu mai cewa "wa zai ƙara". Ka zo ka rubuta sunanka da abin da ka taya, wani ya zo ya ɗora nasa a ƙarƙashin naka, in lokaci ya cika a kwashe takardu, mai tayi mafi tsoka ya ɗauki kaya. Wannan shi ne gwanjon shiru, kuma in dai a ƙasar nan za ka zauna sai ka ci karo da shi, ko a makarantar yara, ko a wurin aiki, ko a masallaci.

Keken ne ya shiga raina saboda ɗana. An rubuta kimarsa dala 240 a saman takardar. Muka yi ta ja da wani bawan Allah da ban san fuskarsa ba sai rubutun hannunsa, har ya gaji ya bar mini a 280. Na biya baki har kunne, don an riga an gaya mini cewa a nan in ka yi sadaka ana ba ka rasit, gwamnati ta rage maka haraji. A lissafina riba uku na ci: ga keke, ga lada, ga rangwame.

Watan Fabrairu ya zo, kowa na maganar rasit ɗinsa, ni shiru. Na tare ma'ajin masallacin bayan sallar Juma'a. Ya duba littafinsa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ai a idon hukuma ba sadaka kika yi ba. Keke kika saya." Ranar na ji haushinsa. Yau ni ke taya shi rubuta waɗannan rasitai, kuma na san gaskiya ya faɗa mini.

A gida mun saba da ranar ƙaddamar da littafi: babban mai ƙaddamarwa ya tashi ya sayi kwafi goma a kan miliyoyin naira, a tafa, ba wanda zai tambaya nawa ne kuɗin littafi, nawa ne kyauta. To a Kanada wannan tambayar ita ce kan gaba. Hukumar harajin ƙasar, CRA, ba ta ɗaukar duk abin da ka biya a matsayin kyauta idan kai ma ka tafi gida da wani abu a hannu. Sai an cire kimar abin da ka amfana da shi, ragowar ce kawai ake rubuta maka a rasit.

Sharuɗɗa biyu ne a gwanjo. Na farko, dole a bayyana kimar kayan a kasuwa tun kafin a fara tayi, kowa ya gani. Dalilinsu mai sauƙi ne: in ka san darduma ta dala 200 ce amma ka taya 400, da gangan ka yi, niyyar kyauta ke nan. In ba ka sani ba, ƙila cinikin ne kawai ya ƙwace maka. Shi ya sa abin da ba a iya yi masa kima, kamar cin abincin dare tare da wani shahararren ɗan wasa, ko zanen da 'yan aji uku suka yi, ba ya kawo rasit ko nawa ka zuba.

Na biyu shi ne wanda ya kayar da ni. Kimar kayan kada ta wuce kashi 80 cikin 100 na abin da ka biya. Hanya mafi sauƙi ta lissafa shi a tsaye gaban tebur: ɗauki kimar da aka rubuta ka ƙara mata rubu'inta. Keken 240, rubu'insa 60, ke nan sai tayi ya kai 300 kafin a fara maganar rasit. Ni na tsaya a 280. Da na kai 300, da an rubuta mini rasit na dala 60, ba na 300 ba. Da na kai 400, rasit na 160.

Kada wannan ya sa ka riƙa ƙara tayi don farautar rasit. Rasit ba kuɗi ba ne a hannu, wani kaso nasa ne ake cire maka daga harajin da ake bin ka. Gwamnatin tarayya tana lissafa dala 200 na farko na sadakarka ta shekara da kaso ƙarami, abin da ya haura 200 kuma akasarin mutane kashi 29 cikin 100 suke samu, sannan lardin da kake zaune ya ɗora nasa. Ko da na ƙara dala 20 na samu rasit na 60, wani kaso na 60 ɗin ne kawai zai dawo mini, ba duka ba. In za ka ƙara, ƙara don masallacin ko asibitin.

Ga ɗalibai da waɗanda ba su fara aiki sosai ba kuwa, wannan rangwame ba ya juyewa ya zama kuɗin da za a turo maka. In ba a bin ka haraji a shekarar, ba abin da zai rage. Amma kada ka yar da takardar: kana iya ajiye ta ka yi amfani da ita cikin shekaru 5 masu zuwa, lokacin da albashi ya kankama. Miji da mata kuma suna iya haɗa nasu mutum ɗaya ya shigar, su tsallake dala 200 ɗin nan sau ɗaya maimakon sau biyu.

Tikitin walimar kansa haka ake yi masa: in ka biya 150 kuma abincin da aka ci na 50 ne, rasit na 100 ne. Tikitin canki-canka da ake zagayawa da shi a irin waɗannan taruka ba shi da rasit sam, mu dai da ma ba ma kusantarsa.

Ɗaya ɓangaren shi ne in kai ne ka ba da kayan da za a yi gwanjonsu, kuma mutanenmu sun fi shiga nan, don da an ji kana da sana'a za a zo roƙo. Wanda ya ba da kaya ana iya ba shi rasit na kimar kayan ranar da ya bayar, ba abin da aka saye su a gwanjo ba. In kimar ba ta kai dala 1,000 ba, wani masani a cikin ƙungiyar ya isa ya ƙiyasta. In ta haura, CRA ta fi son a nemo ƙwararren mai kima daga waje. Kuma in bai kai shekara 3 da ka sayi abin ba, ba za a rubuta maka fiye da yadda ka saye shi ba. Wata 'yar'uwa ta kawo leshi da ta sayo a Kantin Kwari, ta ce a Toronto ya ninka kuɗinsa sau uku. Gaskiyarta, amma abin da ta biya a Kano shi aka rubuta, bayan an juya shi zuwa dala.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne aikin hannu. Mai lalle ta ce ta ba da zanen amarya kyauta, mai girki ta ce za ta dafa wa wanda ya ci gwanjo tuwo da miyar taushe na mutum goma, mai gyaran mota ya ba da awa uku. Duk wannan hidima ce, ba dukiya ba, doka kuwa dukiya kaɗai ta yarda a yi wa rasit. Takardar sayayya ta shagonka da ka buga da kanka ka miƙa, ita ma haka. Mafita ɗaya da hukuma ta amince da ita: ƙungiya ta biya ka kuɗin aikinka, kai kuma don raɗin kanka ka mayar mata da kuɗin a matsayin kyauta. Sai dai kuɗin ya shiga cikin abin da ka samu a shekarar, dole ka bayyana shi.

Kafin duk wannan, tabbatar ƙungiyar tana da rajistar agaji a wurin CRA. Ba kowace ƙungiya mai kyakkyawar niyya ke da ita ba. Yawancin ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya ba su da ita, kuma kuɗin da ka tura gida kai tsaye don ginin masallaci ko rijiya ba ya shiga lissafin harajin nan. Lambar rajista tana da alƙaluma 9, sai RR, sai wasu alƙaluma 4, kuma kana iya neman sunan ƙungiyar a shafin CRA. Rasit na gaske yana ɗauke da wannan lamba, da cikakken sunanka da adireshinka, da abin da ka biya, da kimar abin da ka karɓa, da ragowar da ta cancanta, da sa hannu. 'Yar takardar da na'urar kati ta tofo maka daren walima ba ita ba ce.

Kuma don Allah a daina matsa wa ma'aji. "Malam, rubuta mini duka mana, wa zai sani?" Ko "Sa sunan mijina, shi ya fi biyan haraji," alhali ƙaninki ne ya biya da katinsa. Rasit sunan wanda ya ba da kuɗin yake ɗauka. Ƙungiyar da ta rubuta na ƙarya ana iya cin tararta kashi 125 cikin 100 na abin da ta rubuta, ana iya dakatar da ita daga ba da rasit, har rajistar ma tana iya salwanta, a bar jama'a da masallacin da ba ya iya ba kowa komai.

Yawancin ƙungiyoyi suna aiko da rasitai kafin ƙarshen Fabrairu, ranar ƙarshe ta shigar da takardun haraji kuma 30 ga Afrilu ce. Ba a haɗa rasit da takardun in ta intanet aka shigar, amma a adana shi shekara 6, don suna iya nema. Ni yanzu da na ci gwanjo nake ɗaukar hoton takardar tayin da wayata, inda kimar kayan da tayina suka fito tare, kafin masu kwashe tebura su iso.