Yadda nake bambance ƙwarin leshi a lambu

Bara da rani wani maƙwabcina a bakin dam ɗin Ajiwa ya kawo mini ganyen gauta a leda, ya ce darɓa ta cinye masa lambu. Saman ganyen ya yi ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa gari. Da na juya bayansa sai ga baƙin kashi ƙanana-ƙanana manne, da wasu ƙwari a kwance shafal, kowanne bai wuce ƙwayar riɗi ba. Na ce masa, Malam, wannan ba darɓa ba ce. Masana suna kiran danginsu Tingidae, ni kuwa ƙwarin leshi nake ce musu, don fukafukinsu raga-raga ne kamar leshin mata.

Nau'insu ya haura 2,000 a duniya, kuma da ido kawai da wuya ka bambance su. Sai ka samu gilashin nan na masu gyaran agogo, ko ka matso da kyamarar waya. Ka kaɗe ganyen a kan farar takarda, ka ɗiga wa guda ɗaya sifirit don ya daina motsi. Amma fa babba za ka ɗauka, mai cikakken fuffuke. 'Ya'yan ba su da fuffuke, kuma galibinsu ƙaya ce a jikinsu ko wane nau'i ne. Nan na taɓa shan kunya: na ga ƙaya a jikin ƙarami, na yanke hukunci a gaban mutane, ashe babbansa sumul yake.

Fara da tabbatar da dangi. Ƙafa shida, eriya biyu a kai, kowacce mai gaɓa huɗu, ta ukun ta fi tsawo. In ka ga ƙafa takwas da yana, jan gizo-gizo ne, maganinsa ma daban.

Daga nan ka zuba ido a doron wuya, wato garkuwar da ke tsakanin kai da fukafukai. Rabin aikin yana nan. Na gauta da yalo, Urentius hystricellus, doronsa da gefen fukafukansa cike suke da ƙaya, sunan ma daga beguwa aka samo shi. Na ɗoɗɗoya, Cochlochila bullita, ba ya da wannan ƙayar. Gefen wuyansa biyu ne suka kumbura suka naɗo sama kamar ƙwanson dodon koɗi, launinsa ya fi duhu. In ka gan shi sau ɗaya ba ka sake mantawa. Ka kuma duba ko akwai wata 'yar hula da ta rufe kan, sannan ka ƙirga tudun layukan da suka bi tsawon doron, ɗaya ne ko uku.

Hotunan intanet na ruɗa matasanmu. Yawancinsu na wani jinsin ƙwarin leshi ne mai suna Corythucha, 'yan Amurka, masu babbar hula da fukafukai masu faɗi kusan kusurwa huɗu, da ƙananan ƙayoyi a bakin gefe. Wani jinsin, Stephanitis, shi ma yana da hula, amma fukafukinsa ya fi zagaye, eriyarsa doguwa siririya. Yaro ya ga hoto ya ce ai shi ne, alhali bai duba wuyan nasa ƙwaron ba.

Shukar da ka same shi a kai tana taimakawa, domin kowanne da abincinsa, sai dai iska kan jefa baƙo a ganyen da ba nasa ba. Shi ya sa nake so in ga babba da 'ya'ya da kashi a ganye ɗaya kafin in rubuta suna. Na maƙwabcin nawa mun duba guda biyar, duk masu ƙaya ne, sai ya koma ya fara tsinke ganyayen ƙasa da suka fi kamuwa yana zubawa a buhu.