Yadda Ake Haɗa Yogot a Gida da Tukunyar Lantarki Mai Dafuwa da Tururi

Gidaje da dama a Sakkwato sun mallaki tukunyar lantarki mai dafuwa da matsin tururi, amma aikinta bai wuce dafa wake da ganda da ƙafar sa ba, alhali tana iya fitar da yogot mai kauri wanda zai shiga fura ko a sha shi haka nan. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, wannan aiki ba ya buƙatar matsin tururi ko kaɗan. Abin da ake nema daga tukunyar shi ne ta riƙe madara a ɗumi guda, wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon sa'o'i. A wannan ɗumin ne ƙwayoyin halitta iri biyu masu amfani, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, suke cinye sukarin da ke cikin madara su mai da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa madarar ta kama jikinta. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, daren hunturu kuma ya yi sanyin da nono ke kwana bai kama ba, samun abin da zai tsayar da ɗumi wuri ɗaya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kafin komai a duba jikin tukunyar. Waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka, kamar wasu samfuran Instant Pot da ake kawowa tsaraba, suna aiki ne da bolt 120, wutar Najeriya kuwa bolt 230 ce, don haka jona su kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba yana ƙona su. Sai kuma tsabta, wadda ita ce rabin aikin. A wanke tukunyar ciki da ludayi da maburgi da sabulu, a ɗauraye su da tafasasshen ruwa. Zoben robar da ke cikin murfi yana riƙe warin daddawa da tattasai da kayan ƙamshi ko an wanke shi sau nawa, kuma madara tana saurin ɗaukar wari, saboda haka a cire shi gaba ɗaya ko a ware wani sabo domin yogot kawai. Tunda ba a buƙatar matsi, ko faranti mai tsabta aka kife a bakin tukunyar ya wadatar.

Game da madara, akwai hanya biyu. Wanda yake samun sabuwar madarar shanu daga ruga, musamman ta bokoloji da yankin nan ya shahara da su, ya tace ta da ƙyalle mai tsabta, ya kuma tabbatar ta safiyar ranar ce, domin wadda ta fara juyawa za ta tsinke da zarar ta ji wuta. Yana da kyau a tambayi mai kawowa ko an yi wa saniyar allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwanakin, saboda ragowar maganin yana fitowa a madara ya hana yogot kamawa. Hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙi ga mazauna cikin gari, ita ce madarar gari mai cikakken mai. A dama gram 150 zuwa 170, wato kofi ɗaya da kwata ko ɗan fiye da haka, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a burga har gudaji su narke. A ganina lita biyu ita ce daidai ga mai farawa.

Mataki na farko shi ne ɗumama madarar har ta kai digiri 82 zuwa 85. A tukunyar da ke da maɓallin da aka rubuta Yogurt a kansa, a danna shi har allon ya nuna Boil, a rufe, a jira kimanin rabin sa'a har ta yi ƙara. Wadda ba ta da shi, a yi amfani da maɓallin suya, ana juyawa a kai a kai don kada ƙasan ya kama. Wannan mataki yana da amfani biyu. Yana kashe ƙwayoyin cuta da ɗanyar madara ke iya ɗauka, irin su na tarin fuka da na burusela, sannan yana sauya furotin ɗin madara yadda yogot zai yi kauri ba tare da ya zubar da ruwa da yawa ba. Ko da madarar gari ake aiki, kada a tsallake shi. Idan an bar madarar a wannan zafin na ƙarin minti 10, kaurin zai ƙaru. Masu amfani da sola su lura cewa nan ne tukunyar ke jan wuta sosai, domin matsakaiciyarta tana kai wat 1,000. Za a iya yin wannan ɗumamawar a kan gas, a bar wa lantarki aikin riƙe ɗumi kawai, wanda ba ya cin wuta mai yawa.

Daga nan a ciro tukunyar ciki a bar madarar ta huce zuwa digiri 43 ko 45. A lokacin bazara wannan yana daɗewa, don haka a tsoma gindin tukunyar a cikin baho mai ruwan randa, ana juyawa a hankali. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada kuma ya cancanci kuɗinsa, amma idan babu, a wanke hannu sosai a tsoma ƙaramin yatsa: idan ana iya barinsa a ciki har a ƙirga goma ana jin ɗumi ba ƙuna ba, to ta yi. Nan ne mafi yawan yogot ke lalacewa, saboda gaggawa tana sa a zuba iri, wato ɗan yogot ɗin da zai sa madarar ta kama, a madara mai zafi, ƙwayoyin su mutu, a wayi gari da madara tsululu. A kwashe yanar da ta taru a sama kafin a ci gaba.

Irin da za a zuba shi ne yogot marar sukari, marar ɗanɗanon 'ya'yan itace, wanda ƙwayoyinsa suke da rai. Da yawa daga cikin na kwali da ake ajiyewa a kan kanta ba tare da firji ba an sake dafa su bayan haɗawa, ba za su kama komai ba. Kindirmo mai kyau yana iya zama iri, sai dai ɗanɗanon zai bambanta daga wannan karo zuwa wancan, tunda ƙwayoyin da ke cikinsa gauraye suke. Babban cokali biyu ya isa lita ɗaya. Ƙara yawan iri ba ya ƙara kauri, sai ma ya sa yogot ya yi tsami da gudaji. A ɗebi ludayi ɗaya na madarar mai ɗumi a dama irin a ciki har ya yi laushi, sannan a juye cikin tukunyar a gauraya sau biyu ko uku. A goge gindin tukunyar ya bushe kafin a mayar da ita mazauninta.

Yanzu a rufe, a danna Yogurt, a zaɓi Normal, a sa sa'a 8. Kada a buɗe, kada a girgiza, kada a juya. Sa'a 6 tana ba da yogot mai sauƙin tsami wanda yara suka fi so, sa'a 10 kuwa tana ba da tsamin da ya dace da fura. Ina jan hankali sosai a kan maɓallin Keep Warm: zafinsa ya wuce digiri 60, kuma zai kashe irin. Idan tukunyar ba ta da maɓallin yogot, a zare ta daga wuta, a rufe, a lulluɓe ta da bargo. Haka ma za a yi idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. A bazara zafin ɗaki kaɗai zai ƙarasa shi, har ma ya kamata a duba tun a sa'a ta biyar, amma a hunturu a ninka bargon a ƙara sa'a biyu ko uku.

Alamar ya yi ita ce idan an ɗan karkata tukunyar a ga ya motsa gaba ɗaya a dunƙule, da ɗan ruwa mai launin ɗorawa a gefe. Wannan ruwan ba lalacewa ba ne. A sa tukunyar a firji na aƙalla sa'a 4 kafin a taɓa shi da ludayi, domin sanyi ne ke tsayar da tsami ya kuma ƙarasa kaurin. Mai son ya fi haka kauri ya shimfiɗa ƙyalle a kan rariya ya juye, ya bar shi ya tsane na sa'a biyu a cikin firji. Idan kuwa an ji wari marar daɗi, ko an ga launin ruwan hoda ko fumfuna a sama, a zubar da shi ba tare da an ɗanɗana ba.

Kafin a sa sukari ko zuma ko dabino, a ware cokali huɗu a ƙaramin mazubi mai murfi domin irin haɗi na gaba, a yi amfani da shi cikin mako ɗaya. Bayan an maimaita sau huɗu ko biyar ƙarfinsa yakan ragu, sai a sayo sabo. Yogot ɗin yana kai mako ɗaya zuwa biyu a firjin da ba ya rasa wuta, amma inda wutar ke zuwa tana tafiya, a ajiye shi a cikin kula mai ƙanƙara a shanye cikin kwana uku.