Darasi na 9: Gayyar Allura

Ku karanta, ku maimaita: allura, zare, ƙyalle, surfani, gayya.

Kowa a ƙasar Damagaram ya san gayyar noma. A kira maƙwabta, a shiga gonar mutum ɗaya, kafin azahar an gama abin da zai ɗauke shi kwana da kwanaki. To, allura ma tana da gayyarta. Ku dubi babbar riga mai aska takwas, irin wadda ake sawa ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarki. Masaƙi ne ya saƙa, marini ya rina, wani malami ya zana aska da tambari, masu surfani suka bi zanen wata da watanni, sannan mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu a wannan aji, zanen gado ɗaya za mu ɗinka tare, irin na ɗakin amarya.

Kafin komai, a wanke yadin a shanya, don sabon yadi yakan tsuke in ya sha ruwa. A tsinko zare kaɗan daga kowane launi a jiƙa. Wanda ya zuba, a ajiye shi gefe, komin kyansa. Sai a shimfiɗa yadin a tabarma a zana da fensir. Ba sai an je nesa neman zane ba: ku bi ta unguwar Birni ko ta Zango a garin Damagaram, ku ɗaga kai ku dubi bangon tsofaffin gidaje. Dagi da sauran adon da magina suka bari suna nan. Kowace ta zo da guda a takarda. Hannun da ya iya bin lanƙwasar dagi ba zai ji tsoron harafin ɓ ko ƙ ba.

Ga inda aikin gayya ya fi lalacewa. Wata tana jan zare da ƙarfi, wata tana sakinsa, sai yadin ya tattare a nan, ya yi sako-sako a can. Saboda haka kowace ta fara gwaji a ƙyalle, a jera ƙyallayen a duba tare. A yarda da sili nawa za a zura a allura, biyu ko uku, kada a sauya. Wadda ta fi gwaninta ta zauna kusa da mai koyo. In ta ga kuskure ta ce, "Ƙanwata, mu warware nan tare." Kada ta fizge allurar ta gyara da kanta, don haka ne ke sa mai koyo ta daina zuwa, mu kuwa ba mu so a rasa ko mutum ɗaya.

A zauna da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa mai haske, hannu a wanke. Da hunturu a naɗe aikin cikin tsohon zane saboda ƙura.

Surfani ba ya son gaggawa, kuma nan ne daɗinsa yake. Za ku ga bayan an gama gaisuwa wurin ya yi tsit, sai ƙarar almakashi. Kada a kore wannan shirun da surutu. A cikinsa wata take tuna mahaifiyarta da ta koya mata zura allura, wata kuma take samun bakin faɗin abin da ya daɗe yana cinta a rai. Abin da aka faɗa a bakin tabarma ya tsaya nan, amana ce.

Lissafi: jaka ɗaya dala 200 ce. A ce mata 6 kowace ta ba da dala 100. An sayi yadi na jaka 2. Dala nawa suka rage na zare da allura?

Aikin gida: ki rubuta sunanki da fensir a ƙyalle, da manyan haruffa, ki bi shi da zare. Ki zo da shi darasi na gaba, za mu ɗinka sunayen duka a gefen zanen gadon.