Darasi na 9: Riƙon mediyato, kada ya suɓuce ko ya juya

Mediyato shi ne ɗan abin nan mai kusurwa uku da mai gita yake kaɗa tsirkiya da shi. Daga Faransanci muka aro sunan. Yawanci na roba ne, kuma kaɗan ya fi kan babban yatsa girma. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don mai garaya ma da guntun busasshiyar fata yake kaɗawa. Masu gitar Agadez da yawa yatsunsu sun ishe su. Amma wanda ya zaɓi mediyato, dole ya koyi riƙonsa kafin ya koyi kiɗa da shi.

Wata rana da la'asar, a wata fada ta hirar samari a unguwar Zango, wani saurayi ya ajiye gita yana tsaki.

"Yaya, abin nan ya ishe ni. Ina cikin kiɗa sai bakinsa ya juya, wani lokaci ma ya faɗa cikin ramin gitar."

"Riƙe shi in gani, ƙanena. To, dubi farcenka, har ya yi fari. Matsewa ta yi yawa."

"In ban matse ba ai faɗuwa zai yi, Yaya."

"Ko da ka matse ma, ba ga shi yana faɗuwa ba?"

Yayan nan ya yi gaskiya. Ku tuna ranar da kuka fara riƙe alƙalami a wannan aji. Kowa ya damƙe shi da ƙarfi, hannu ya ƙage, tafi ya jiƙe da zufa, baƙi ya fito a karkace. Sai da hannu ya saki jiki rubutu ya miƙe. Haka mediyato yake. Idan ka matse shi, wuyan hannu yana sandarewa, sai ka riƙa dukan tsirkiya maimakon ka wuce ta. Kowane duka yana ture mediyaton kaɗan, yatsu kuma su gaji da wuri su sake shi. Riƙon da ake so shi ne wanda idan wani ya ja abin daga hannunka zai zare shi ba da kokawa ba, amma idan ka kaɗa hannu ba zai faɗi ba.

Ga yadda ake ɗora shi. Ka lanƙwasa manuni, wato yatsan da ke bin babban yatsa, kamar za ka dunƙule hannu amma ba ka gama ba. Ka ɗora mediyato a gefen gaɓarsa ta ƙarshe. Sannan ka kwantar da babban yatsa a kai, da faɗin namansa, ba da tsininsa ba. Bakin mediyaton ya leƙo ta gefen babban yatsa, yana duban gitar. Masu koyo da yawa suna tsunkule shi da kan yatsu biyu, kamar mai ɗibar gishiri. Wannan riƙo shi ne uwar matsalar, domin wurin da fata ta taɓa roba ɗan mitsitsi ne, sai abin ya riƙa juyawa a kansa kamar ƙafar keke a kan ƙarfenta.

Yanzu sai batun bakin da ya leƙo, kuma a nan nake so mu daɗe. Ka je wurin ƙyaure ka tura shi daga kusa da inda aka kafe shi, za ka ji nauyi. Ka tura shi daga bakinsa, da yatsa ɗaya ma zai buɗe. Tsirkiya ita ce mai turawa, yatsunka su ne inda aka kafe ƙyauren. Gwargwadon tsawon bakin da ka bari a waje, gwargwadon sauƙin da tsirkiya take samu ta juya shi. Saboda haka a kiɗan tsirkiya ɗai-ɗai, abin da zai leƙo kada ya wuce milimita 3 zuwa 5, kamar ƙwayar dawa. Idan kana sharar tsirkiya shida gaba ɗaya, ka ƙara kaɗan. Kada kuma ka nutsa shi can cikin tsirkiyoyi. Kan bakin kawai ya shafe su ya wuce. Ka ɗan karkata shi, don tsirkiya ta zame ta gefensa maimakon ta yi karo da faɗinsa. Motsin ya fito daga wuyan hannu, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu.

Mu a Damagaram muna da ƙarin abokan gaba biyu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, zufa ta sa roba santsi. Da hunturu kuma fata ta bushe, mutum ya shafa man kaɗe ko basilin, ya ɗauki gita da maiƙo a hannu. Maganin duka biyun ba ya cin ko dala: ka wanke hannu da sabulu kafin ka fara, ka wanke mediyaton shi ma, ka ajiye ƙyalle a cinya don goge yatsu. Wasu suna taɓa ɗan ƙaro irin wanda masu goge suke shafa wa tsirkiya. Yana kamawa, amma ɗan kaɗan ake sawa, in ya yi yawa sai ya ɓata tsirkiyar gita ya tara ƙura.

Sai bayan ka gyara hannu za ka dubi laifin mediyaton kansa. Mai sheƙi kamar gilashi ya fi santsi. Ka goga wurin riƙo da takarda mai yashi ta kafintoci, ko ka yi masa zane-zane a gicciye da reza, gaba da baya, ba tare da ka taɓa bakin ba. Ana kuma huda shi a tsakiya, don fatar yatsu biyu ta haɗu ta cikin hudar ta kulle shi. A ganina wannan ya fi liƙa filasta, wadda zafi yake narkar da danƙonta. Amma ina roƙonku, kada wanda ya huda da ƙusa mai zafi. Akwai mediyaton da ake yi da wata roba mai suna seluloyid, wadda take kamawa da wuta nan take kamar an zuba fetur. Da basilla ko abin hudar kafinta za a yi.

A jikin mediyato akan buga lamba, ita ce kaurinsa a milimita. Kamfanin Dunlop na Amurka ya fito da wani iri a 1981 mai suna Tortex, wanda jikinsa ba ya sheƙi, kuma kowane kauri da launinsa: ja 0.50, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0. Mai koyon sharar tsirkiya ya fara da siriri, domin yana lanƙwasa ya ba tsirkiya hanya, ba ya kokawa da yatsu. Wanda bai samu na sayarwa ba, katin da ake ɓallo SIM daga jikinsa yana da kaurin 0.76. A yanka shi da almakashi, a goge gefensa ya yi sumul, a kankare wurin riƙo.

Aikin wannan mako: ka zana kibiya a kan mediyato, daga tsakiya zuwa baki. Ka ɗora hannun hagu a kan tsirkiyoyi don su yi shiru. Ka kaɗa ƙasa sau 20 a hankali, ka tsaya ka dubi kibiyar. Idan ta kauce, ka rage bakin da ya leƙo ko ka sauya karkatar, ka sake. Idan ta tsaya, ka yi ƙasa da sama sau 20. Ka koyi kuma mayar da shi daidai da yatsan tsakiya ba tare da ka tsai da kiɗa ba, don ko gwanaye suna yin haka.

Kowace rana ka rubuta a littafinka adadin kaɗawar da ka yi kafin kibiya ta kauce. Ka zo da lambobin nan bakwai aji, za mu karanta su tare a allo.